Lokacin Bugu Da Lokacin Lissafi

Karatu: Filibiyawa 3:4-14, Kolosiyawa 2:13-14, Zabura 130

Ko kana gida, ko kana gona da rediyo a rataye jikin itace, ko kina kwance a gadon asibiti, Ubangiji ya sadu da kowa a inda yake.

Yau zan ɗauko misali daga wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa yi ba, wato wasan golf, wanda wasu suke kira ƙwallon lambu. Kada wani ya ce, me ya haɗa Fasto da wasan masu hali? Manzo Bulus bai ji nauyin ɗauko misali daga masu tsere da 'yan dambe ba, sa'ad da yake rubuta wa Korantiyawa. Ni ma ban taɓa riƙe sandar wasan nan ba. Wanda ya fahimtar da ni shi, wani dattijo ne a ikilisiyarmu, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aikin ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin Rayfield da yake Jos, filin da yake nan tun zamanin Turawan haƙar kuza.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Fili ne mai faɗin gaske, da ramuka 18 a warwatse cikinsa. Ɗan wasa zai buga ƙaramin ƙwallo da sanda, ya bi shi, ya sāke bugawa, har ƙwallon ya faɗa rami, sa'an nan ya wuce zuwa rami na gaba. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan, shi ya ci. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi a wurin, wani 3, wani 4, wani 5. A manyan gasa ana zagaya filin sau ɗaya kowace rana har kwana huɗu. Akwai kuma kati da ake rubuta bugun kowane rami a kai. Zagaye ɗaya yakan ci wajen awa huɗu, amma bugun kansa bai wuce ƙiftawar ido ba. Saura duk tafiya ce da tunani, a cikin wannan doguwar tafiya kuwa lissafi yakan shiga kan mutum. Shi ya sa masu wasan suka daɗe suna gardama a kan tambaya guda: in mutum yana bin lissafin bugunsa yana cikin wasa, wannan yana taimakonsa ne, ko yana raba masa hankali?

Na yi wa Baba wannan tambaya. Ya yi dariya ya ce, a shekarun da ya yi yana ɗaukar jaka ya lura da mutum iri biyu. Akwai wanda in ya ɓata rami ɗaya, ya tafi da shi ke nan har ƙarshen wasa. Ƙafarsa tana rami na 12, zuciyarsa tana can rami na 5 inda ƙwallonsa ya faɗa ruwa. Akwai kuma wanda in ya yi rabin farko da kyau, sai ya ciro katin ya fara haɗa lambobi, yana cewa in na yi kaza da kaza a sauran ramukan, yau zan yi abin da ban taɓa yi ba. Baba ya ce, "Fasto, da zarar ka ga maigida ya fara wannan haɗe-haɗe, kai mai jaka ka shirya shiga ciyawa neman ƙwallo."

Abin da dattijon nan ya gani da ido, masana sun auna shi. A shekarar 2011 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Devin Pope da Maurice Schweitzer, suka wallafa binciken da suka yi a kan bugu fiye da miliyan 2.5 na ƙwararrun 'yan wasa, irin ɗan gajeren bugun nan na kusa da rami. Suka tarar cewa ko da nisan ɗaya ne, in bugun na tsira ne daga wuce ƙa'idar rami, 'yan wasan sun fi jefa shi daidai. In kuwa na samun rara ne ƙasa da ƙa'ida, sukan yi sanyin hannu, sau da yawa ƙwallon ya tsaya bai kai ba. Alhali a jimlar ƙarshe bugu ɗaya bugu ɗaya ne. Kun gani, lambar da take cikin kan mutum takan sauko har hannunsa.

Sanin lissafi kuma ba ya buga wa mutum ƙwallo. A 1999, a filin Carnoustie na ƙasar Sikotlan, wani Bafaranshe mai suna Jean van de Velde ya iso ramin ƙarshe na babbar gasar Birtaniya yana gaban kowa da bugu 3. Ƙa'idar ramin 4 ce, ko 6 ya yi ya ci kofin. Ya san wannan sarai. Bugunsa na biyu ya daki ƙarfen rumfar 'yan kallo ya koma cikin doguwar ciyawa, na uku ya faɗa rafi. Duniya tana kallonsa ya tuɓe takalmi da safa, ya naɗe wando ya shiga ruwa. A ƙarshe 7 ya yi, aka je wasan raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauke kofin. Gaskiyar Bahaushe ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu mu bar filin golf mu shigo gida. Mutum biyun nan da Baba ya gani, suna nan cikin kowace ikilisiya, wani lokaci ma suna cikin zuciya ɗaya.

Na farko shi ne mai ƙirga nasarorinsa. Ubangiji Yesu ya nuna mana shi a Luka 18, Bafarisiyen da ya shiga Haikali yin addu'a. Maimakon ya dubi Allah, sai ya ciro katinsa yana karanta wa Allah: azumi sau biyu a mako, zakka daga kowane abu da ya samu. Har ya leƙa katin mai karɓar haraji da yake tsaye daga nesa, ya ga nasa ya fi. Duk abin da ya lissafa mai yiwuwa gaskiya ne, amma ya fita daga wurin addu'a bai yi addu'a ba. Haka sarki Dawuda a 2 Sama'ila 24. Ya sa a ƙidaya masa mayaƙa, ko Yowab shugaban sojojinsa sai da ya yi ƙoƙarin hana shi. Aka yi wata 9 da kwana 20 ana yawo, aka kawo masa lamba: 800,000 a Isra'ila, 500,000 a Yahuza. Lambar tana shiga hannunsa zuciyarsa ta kāshe shi. Mutumin da ya taɓa fuskantar Goliyat da majajjawa da dutse, ga shi yana neman kwanciyar rai a cikin yawan takuba.

Ba zan tsaya a kan Dawuda kaɗai ba, gama ni ma na faɗa wannan rami. A farkon aikina aka tura ni wata ƙaramar ikilisiya. Kun san al'adarmu, kowace Lahadi magatakarda yakan tashi ya karanta: maza kaza, mata kaza, yara kaza, baiko kaza. Ba laifi cikin wannan. Amma ni na kai ga ina kan bagade, bakina yana wa'azi, idona yana ƙirga benci. In an cika, muryata ta yi ƙarfi. In an ragu, sai raina ya ɓaci tun kafin in buɗe Littafi. Wata Lahadi da damina mutane suka zo kaɗan ƙwarai. Na ajiye abin da na shirya, na yi ta faɗa a kan rashin zuwa sujada daga farko har ƙarshe. Da aka tashi, wata tsohuwa gwauruwa ta jira har kowa ya fita, ta matso ta ce, "Fasto, ɗana, jiya aka aiko mini ɗana na birni yana kwance rai a hannun Allah. Na ratso ruwa na zo in ji kalma ɗaya ta ta'aziyya. Amma yau waɗanda ba sa nan ka yi wa wa'azi." Ya 'yan'uwa, ban iya cin abinci ran nan ba. Allah ya ajiye mini rai ɗaya a gabana, ni kuwa ina can ina kallon kati.

Na biyu shi ne mai ƙirga fāɗuwarsa. Wani saurayi da yake fama da shan giya ya daina zuwa sujada, na bi shi gida. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Fasto, sau nawa mutum zai tuba a kan abu ɗaya? Na ƙirga, wannan ne karo na tara tun Kirsimeti. Kunyar Allah nake ji." Kun ga wayon Shaiɗan? Ya fara da ce wa yaron, sha, sau ɗaya ba kome. Da ya sha, sai ya juya ya zama mai riƙe masa kati, yana karanta masa lambar dare da rana, har ya raba shi da wurin da taimako yake. A Luka 9:62 Ubangiji ya yi maganar mai riƙe da garma yana waiwaye. Kowane manomi a cikinmu ya san wannan. Mai huɗa da shanu in ya cika duban baya don ya ga yawan abin da ya yi, ko inda ya kauce, kunyarsa za ta karkace, ya kuma sha kunya a gaban maƙwabta.

To, Manzo Bulus yana da katin nan biyu duka. A karatunmu na Filibiyawa ya jera mai kyaun: an yi masa kaciya a rana ta takwas, ɗan kabilar Biliyaminu ne, Bafarisiye ne, ba wanda zai kama shi da laifi wajen kiyaye Shari'a. Kalmomin da ya yi amfani da su a wurin na 'yan kasuwa ne, riba da hasara. Ya ce duk abin da dā ya rubuta a gefen riba, ya kwashe shi ya mayar gefen hasara saboda Almasihu. Yana kuma da mummunan kati: ya tsananta wa ikilisiya, da yardarsa aka jajjefe Istifanas. Bai yi musun wannan ba, ya ambace shi a wasiƙunsa fiye da sau ɗaya. Amma da ya zo maganar tseren da yake ciki, ya ce abu guda ya sa a gaba. Ba ya tsayawa waiwayen hanyar da ya riga ya taka, mai kyau ko marar kyau, sai dai ya miƙa jikinsa wajen inda ladan kiran Allah yake. Taura biyu ba ta taunuwa. Ba ka iya zuba ido ga Yesu kana kuma zuba ido ga katinka a lokaci ɗaya.

Watakila wani zai ce, to, ashe magani shi ne mu yar da katin gaba ɗaya, kada mu ƙara bincika kanmu. A'a, ɗan'uwana. Ka saurari labarin mutum biyu.

A 1994, a filin Turnberry, a wannan babbar gasa ta Birtaniya, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Jesper Parnevik ya ƙudura ba zai dubi allon sakamako ba a ranar ƙarshe, don kada hankalinsa ya rabu. Wannan ya taimake shi, ya yi wasa mai ban mamaki. Amma da ya iso ramin ƙarshe, yana gaba bai sani ba. Ya zaci sai ya yi ƙasa da ƙa'ida kafin ya tsira, ya yi bugun kasada wanda bai kamata ba, ya wuce ƙa'ida da ɗaya. Nick Price na Zimbabuwe ya zo daga baya ya ci shi da wannan bugu ɗaya tak. Rufe ido ya kai shi nesa, amma akwai wurin da ya kamata ya ɗaga kai ya duba.

Na biyun ya fi ban tausayi. Ran 14 ga Afrilu 1968, ranar ƙarshe ta gasar Masters a Augusta, cikin jihar Jojiya ta Amurka. Roberto De Vicenzo, mutumin Ajantina, ranar ce ya cika shekara 45 da haihuwa, ranar kuma Lahadin Ista ce. Ku lura da wata dokar wasan: a gasa, ba kai kake rubuta lambarka ba, abokin wasanka ne yake riƙe da katinka. In an gama sai ka duba, ka sa hannu. In ka sa hannu a kan lambar da ta gaza abin da ka yi, a fitar da kai daga gasar. In ka sa hannu a kan wadda ta fi abin da ka yi, ta zauna a kanka haka nan. A rami na 17 De Vicenzo ya yi bugu 3, dubban mutane suna gani, ga masu kallo a talabijin. Abokin wasansa Tommy Aaron ya yi kuskure ya rubuta 4. De Vicenzo kuwa ransa a ɓace yake saboda ya ɓata rami na 18, ya karɓi katin ya sa hannu bai duba da kyau ba. Abin da ya yi a ranar 65 ne, ya zama 66. Da ya yi kunnen doki da Bob Goalby an je raba gardama, amma sai aka ba Goalby nasara da bugu ɗaya. Wasan kwana huɗu ya tafi a kan minti ɗaya na rashin dubawa.

Ashe amsar tambayarmu ita ce wadda Littafin Mai Hadishi sura 3 ya koya mana tun dā, cewa kowane abu da lokacinsa. Akwai lokacin bugu, akwai lokacin lissafi. Gwanin ɗan wasa yakan gama rami, a rubuta, ya mai da katin aljihu, in ya tsaya a kan ƙwallo ba abin da yake gani sai ƙwallon. In an gama kuma ya zauna ya bi katin rami rami kafin ya sa hannu.

Littafi Mai Tsarki bai hana ƙirga ba. Akwai littafi guda da ake kira Littafin Ƙidaya, Allah ne da kansa ya umarci Musa ya ƙidaya jama'a. Ranar Fentikos an san wajen mutum 3,000 ne suka ba da gaskiya, don wani ya ƙirga. Makiyayin nan na Luka 15, ta yaya ya san tunkiya ɗaya ta ɓata daga cikin 100? Ai ƙirgawa ya yi. Bambancinsa da ni a wancan lokaci shi ne, shi ya ƙirga ya tafi neman wadda ta ɓata, ni na ƙirga na huce a kan waɗanda suke nan. Bulus kuma ya ce kowa ya gwada kansa kafin ya matso teburin Jibin Ubangiji.

Saboda haka ga shawarata. Ka keɓe lokacin lissafi. Da dare kafin ka kwanta, ko da asuba kafin gida ya tashi, ka buɗe katin a gaban Allah, ka bi ranar da ta wuce. A nan dokokin nan biyu na sa hannu suna da abin koya mana. Kada ka rage. In ka yi ƙarya ka kira ta ƙarya, in ka ci kuɗin da ba naka ba kada ka kira shi aro. Wasiƙar Yahaya ta fari ta gargaɗe mu cewa mai musun zunubinsa kansa yake ruɗi, amma wanda ya furta, Allah mai aminci ne ya gafarta masa ya tsarkake shi. Kada kuma ka ƙara. Akwai masu bi da yawa da suka sa hannu a kan 4 alhali 3 ne. 'Yar'uwata da kika rasa yaro, kina ta cewa da na kai shi asibiti da wuri, da na yi kaza, shekara da shekaru kina ɗauke da laifin da Allah bai rubuta miki ba. Ɗan'uwana da ka tuba tun tuni, Allah ya gafarta, amma kai kullum kana sāke rubuta abin a sabon shafi. Mai ƙarar 'yan'uwa ne yake miƙo muku wannan kati, kada ku sa hannu. In ka gama faɗin gaskiya, ka karɓi gafara, ka rufe katin. Gari ya waye, ga aikin yau a gabanka: yaron da za ki yi wa tarbiyya, mai sayen da za ka auna wa mudu na gaskiya, maƙwabcin da za ka gaisar. Ƙwallon da yake gabanka ke nan.

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Ko mun yi lissafi daidai ba ragi ba ƙari, lambar da take kan katinmu ba za ta cece mu ba. Zabura 130 ta yi tambaya mai girgiza zuciya: in Ubangiji zai riƙe lissafin laifofinmu ɗaya bayan ɗaya, wa zai iya tsayawa a gabansa? Ba Fasto, ba dattijo, ba shugabar zumuntar mata. A Augusta alƙalan gasa sun san De Vicenzo 3 ya yi, sun kuma ji tausayinsa, amma ba su da ikon taɓa katin da ya riga ya sa wa hannu. Namu ya fi nasa muni, gama abin da yake kan namu ba kuskuren wani ba ne, mu muka aikata.

A nan ne Kolosiyawa 2:14 ta shigo da albishir. Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a wurin tana nufin takardar bashi wadda mai cin bashin ya rubuta da hannunsa, shaidar da ba ya iya musu. Bulus ya ce Allah ya share wannan takarda, ya kawar da ita, ya kafa ta da ƙusa a jikin gicciye. Bai ce an yi kamar ba a gani ba. An biya ne, da jinin Ɗan Allah. Ranar da katin De Vicenzo ya zauna a kansa, a ranar ce ikilisiyoyi ko'ina a duniya suke murnar tashin Wanda ya ɗauke namu katin. Abin da na faɗa wa saurayin nan ke nan. Na ce masa, lambar tara da kake riƙe da ita, Yesu ya san ta tun kafin ya hau gicciye, bai kuwa fasa ba. Tashi mu tafi. Ya dawo. Yaƙinsa bai ƙare a rana ɗaya ba, amma yanzu a cikin 'yan'uwa yake yinsa.

Akwai kati na ƙarshe da dole in taɓa, wato wanda muke riƙe wa juna. Bitrus ya tambayi Ubangiji sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, ya kawo lambar bakwai yana ganin ya yi ƙoƙari. Amsar da ya samu a Matiyu 18 lamba ce da ba mai iya binta da ƙirga, wato a daina ƙirgawa. A 1 Korantiyawa 13:5, inda aka ce ƙauna ba ta ajiye lissafin mugunta, kalmar ta masu rubuta bashi ce, ita ce kuma Bulus ya yi amfani da ita a 2 Korantiyawa 5:19 da ya ce Allah cikin Almasihu bai lissafa wa mutane laifofinsu ba. Maigida, uwargida, gidaje nawa ne a cikinmu in ƙaramar gardama ta tashi a kan kuɗin cefane, sai a ciro littafin shekara goma a fara karantawa? Ba za ka iya ganin matar da take gabanka yau ba muddin kana karanta abin da ta yi bara. De Vicenzo bai ɗora wa Tommy Aaron laifi ba, ya ce shi ne ya yi wauta da bai duba ba. A 1970 aka ba shi lambar girma ta Bob Jones saboda halinsa na kirki a wasa. In ɗan wasa ya iya yin haka a kan kofi, mu da aka yafe wa bashin da ba mu iya biya fa?

Zan rufe da labarin wani ɗan'uwa mai bi. A watan Afrilu 2022 Scottie Scheffler, Ba'amurke, ya wayi gari a ranar ƙarshe ta gasar Masters yana gaba da bugu 3. Shi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa da safen nan kuka ya yi ta yi, yana ce wa matarsa bai ga zai iya ba. Matar ta tuna masa cewa ko ya ci, ko an cinye shi da rata mai yawa, ƙaunarta ba za ta sāke ba, ƙaunar Yesu gare shi ma haka. Ya fita ya yi wasansa ya ci gasar, ya kuma shaida cewa lambar da take kan kati ba ita ce take faɗin ko shi wane ne ba. Ban kawo wannan don in ce mai bi kullum zai ci kofi ba. Da ya fāɗi ran nan, maganar matarsa tana nan gaskiya. Abin lura shi ne, mutumin da ya san an riga an karɓe shi, hannunsa yakan saki, ya iya yin aikin da yake gabansa.

Ƙaunataccen mai sauraro, wane kati ne a hannunka yau? In na fahariya ne, ajiye shi. In na kunya ne, kawo shi gindin gicciye. In na laifin ɗan'uwanka ne, yayyage shi kafin rana ta fāɗi. In kuwa ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu Almasihu ba, takardar bashinka tana nan da sa hannunka a kai, yau kuwa ranar ceto ce. Ka nemi Fasto ko wani mai bi da yake kusa da kai, ku yi addu'a tare.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Ɗanka Yesu Almasihu wanda ya ɗauki takardar bashinmu ya kai ta kan gicciye. Ka gafarta mana inda muka dogara ga yawan ayyukanmu, da inda muka bar yawan fāɗuwarmu ya kore mu daga gabanka. Ka ba mu gaskiya a lokacin binciken kai, ka ba mu natsuwa a lokacin aiki. Ka taɓa gidajen da tsohon lissafi ya raba, ka ta'azantar da masu ɗauke da laifin da ba nasu ba. Ka tsai da idanunmu a kan Yesu har mu gama tserenmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Ubangiji ya sa mana albarka, ya kiyaye mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.